Idan Gwajin Manhajar Spring Boot Ya Cije

Ran Talata a ofishinmu da ke wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina, gwajin haɗa sassan manhajar albashi da muka gina da Spring Boot (tsarin gina manhaja da yaren Java) ya ƙi wucewa, ga janareto yana ta shan mai. Ga matakan da muka bi.

Da farko, karanta saƙon kuskuren daga ƙasa, asalin ciwon yana layin "Caused by" na ƙarshe. In ka ga NoSuchBeanDefinitionException, Spring bai sami abin da zai cusa wa ajin (class) da ke buƙatarsa ba. Duba ko @WebMvcTest, alamar gwada ɓangaren yanar gizo kaɗai, ka sa, don shi ba ya ɗauko ajin @Service. Ba wa gwajin @Service na bogi da @MockitoBean, ko ka koma @SpringBootTest mai ɗauko manhajar gaba ɗaya. Shi @MockBean, tun Spring Boot 3.4 aka ce a daina dogaro da shi.

Sai lambar amsar HTTP da manhajar ta mayar. 401, ba a san ka ba, ɗora @WithMockUser don samun mai shiga na bogi. 403, an hana ka shiga. Nan muka ɓata awa biyu muna sauya muƙamin mai shiga, ashe buƙatar POST (ta aika bayanai) ɗin ce babu csrf(), mai saka shaidar tsaron da Spring ke nema. Kada kuma ka rubuta ROLE_ a cikin roles (muƙamai) na @WithMockUser, da kansa yake ƙarawa.

Daga nan gudanar da gwajin shi kaɗai, kafin ka saki sauran.