Babi na 7: Allurar kare jariri daga cutar RSV

Darasi na 1

Ku rubuta haruffan nan uku manya-manya a littafinku: RSV. Su za ku nuna wa ma'aikacin lafiya. Sunan wata ƙwayar cuta ne mai kama hanyoyin numfashi. In ta kama babba, galibi mura ce kawai. Jariri kuwa hanyoyin iskar huhunsa ƙanana ne, majina kaɗan ta toshe su. Sai a ga ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa, ya kama nono ya saki, ya kama ya saki, don numfashi ya hana shi tsotso. Kusan kowane yaro yakan kamu kafin shekara 2, amma 'yan ƙasa da wata 6 ta fi wahalarwa.

Darasi na 2

Sunan allurar nirsevimab, a kwalinta an rubuta Beyfortus. Tarayyar Turai ta amince da ita a 2022, Amurka a 2023. Sauran rigakafi koya wa jiki suke yi ya haɗa garkuwarsa. Wannan kuwa garkuwa ce haɗaɗɗiya ake sa wa jariri, sau ɗaya a cinya, ta kare shi kamar wata 5.

To, nan ne ake tuntuɓe. Ana yin ta tun jariri yana lafiya lau, kafin cutar ta zo. Ku sake karantawa a hankali: kafin. Ba ta warkar da wanda ya riga ya kamu. Kada ku ji kunya in kun rikice, da yawa sukan rikice. Mu faɗa tare: lafiyayye ake yi wa.

Amma haba, iyaye! Sai na tambaya yaushe ake kai jariri, a ce "in ya fara tari". Wa yake neman laima bayan ruwa ya jiƙa shi? Yaro yana wasa, yana shan nono, ranar ce ranar zuwa. Ba kowace ƙasa ce ta fara bayar da ita ba, don haka ku tambaya tun ranar haihuwa.

Darasi na 3

Ba ta maye gurbin sauran alluran da ke katin rigakafi. Uwar da aka yi wa rigakafin RSV tana da ciki sai ta faɗa wa ma'aikacin lafiya, don galibi jaririnta ba sai an yi masa wannan allurar ba.

Darasi na 4

Don gane ko numfashin jariri ya yi sauri, ku ƙirga shi minti guda cikakke. Ƙasa da wata 2, in ya kai 60, a tafi asibiti. Daga wata 2 zuwa 11, 50.