Yadda na daina asarar Mangudai a Age of Empires II

Na yi mako biyu ina shan kashi a wannan wasan yaƙi na kwamfuta ina amfani da rundunar Mongol. Sai in tara Mangudai, maharban nan bisa dawaki, in tura su gaba da gaba, masu māsu su karkashe su, zinariyata ta tafi a banza. Abin ya dame ni ƙwarai.

A tarihin Mongol na samu mafita. A 1223, kwamandojin Mongol Subutai da Jebe sun yi kwana 9 suna ja da baya kafin su juyo kan rundunar Rus, kakannin Rashawa da 'yan Ukraine, a kogin Kalka. Haka na koma yi: in harba, in janye, in sake juyowa. Masu māsu suna biyo ni a ƙafa, suna zubewa ɗaya bayan ɗaya. Masu jifa da mashi kuwa, Hussar, wato mahaya dawaki masu sauri, nake aika musu.