Azumin Hindu: kurakuran da sababbin kuku ke maimaitawa a gidajen Indiyawa

Duk yaron da aka kawo mini in koya masa girki kafin ya kama aiki a gidan Indiyawa, a Kano ne ko a Legas, da ya ji an ce gobe uwargida tana azumi sai ya ɗauka ya samu hutu har magariba. Bakina ya gaji da gyara wannan fahimta, shi ya sa na zauna na rubuta.

Yawancin azumin mabiya addinin Hindu, wanda suke kira vrat, mai yinsa yana shan shayi da madara, yana cin ayaba da gwanda, wani ma yakan ci dafaffen abinci sau ɗaya a yini. Abin da ake kiyayewa shi ne irin abin da ya shiga tukunya. Saboda haka ranar azumi aikinka ninkuwa yake yi: girkin sauran mutanen gida daban, na mai azumi daban.

Babbar masifar tana wajen Ekadashi. Ita ce rana ta 11 a kwanakin da wata ke ƙara haske, da kuma ta 11 a kwanakin da yake raguwa, wato sau biyu a wata, galibi sau 24 a shekara. Ana yin ta ne domin Vishnu, ɗaya daga manyan allolinsu, kuma a ranar ba a cin hatsi kowane iri: shinkafa, alkama, masara, gero, dawa, har da wake da duk danginsa da suke yin miyarsu ta dal da su. Kowa zai ce ai wannan da sauƙi, wa zai dafa shinkafa bayan an hana shi? To ba a fili hatsin yake shigowa ba, ta bayan gida yake bi.

Akwai wani yaro da na tsaya wa a wani gida, ni na kai shi, ni na ce na yarda da hannunsa. Mahaifiyar maigidan tsohuwa ce da ba ta wasa da Ekadashi. Ya yi mata miyar dankalin turawa da tumatir, ya ga ta yi ruwa, sai ya dama cokali ɗaya na fulawa ya zuba don ta yi kauri. Tsohuwa ta ci ta yaba, ta tambaye shi yadda ya yi ta kama jiki haka, shi kuma ya faɗa mata yana murmushi, a zatonsa gwaninta ya yi. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta wanke hannu ta shige ɗaki, daga ranar kuma ba ta sake cin komai daga kicin ɗin ba sai wanda surukarta ta dafa da hannunta. Kafin wata ya ƙare an sallame shi. Ni kuwa gidan nan da gidajen abokansu ba su ƙara neman in kawo musu ma'aikaci ba, mutuncin da na yi shekaru ina tarawa cokalin fulawa ya zubar da shi. Da ya murƙushe dankali biyu a cikin miyar, da ta yi kaurin da yake so.

Kuma ku yaran yanzu hannunku ya saba da magi, ko ruwan zafi za ku dafa sai kun jefa dunƙule. Ku cire shi daga ranku. Gishirin da muke amfani da shi ma ba ya shiga abincin azumi a yawancin gidaje, akwai nasu na dutse, sendha namak, mai ɗan ja-ja, shi kaɗai ake sawa. Albasa da tafarnuwa babu. Garin hing, wani kayan yajinsu mai ƙarfin wari, da ke cikin 'yar robar nan sau da yawa an gauraya shi da garin alkama, ka bar shi a kanta. Man da ka soya wani abu da shi jiya kada ya kusanci kaskon, ka ɗebo sabon man gyada ko man shanu. Ni dai abin da nake yi, ina da tukunya biyu da kasko da ludayin katako da na ɗaura wa jan zare a mariƙi, ba sa taɓa komai sai abincin azumi. Wasu kukun suna cewa wankewa ta wadatar. Su suka sani.

Abu na biyu da ke kayar da mutane shi ne ranar kanta. Kada ka ce za ka ƙirga daga ganin wata kamar yadda muke yi. Ranar wata a wurinsu, tithi, lissafi ce: lokacin da tazarar wata da rana ke ƙaruwa da digiri 12, kuma tana iya ɗaukar awa 19 zuwa 26, ta fara da tsakar rana ko tsakar dare. Galibi wadda hudowar rana ta riska ita ake bi. Indiya tana gaban Nijeriya da awa huɗu da rabi, don haka kalandar da aka buga a Mumbai wani lokaci takan saɓa da ranar da ake azumi a nan. Ko a gida ɗaya ma kana iya samun miji ya yi Ekadashi yau, uwarsa ta yi gobe, saboda mazhabarsu ta bambanta.

Haka watanni. Mutanen arewacin Indiya watansu yana ƙarewa ne da cikar wata, na Gujarat da Maharashtra da mafi yawan kudu kuma da ɓacewarsa. Shi ya sa watan Shravan, wanda ake azumtar Litinin ɗinsa domin Shiva, wani daga manyan allolinsu, yakan fara a wani gida kusan mako biyu kafin maƙwabcinsa. Kada kuma ka rage kwana 11 daga ranar bara kamar Ramadan ka ce ka gano ta bana. Kusan duk shekara uku sukan ƙara wata guda, Adhik Maas, don bukukuwa su tsaya a lokacinsu. A 2023 Shravan ne ya zo biyu, 'yan arewacin Indiya suka azumci Litinin takwas. Maganina guda ne: duk Juma'a nakan tsaya gaban uwargida da biro, ta duba panchang, wato kalandarsu ta addini, a wayarta, ta faɗa mini ranakun mako mai zuwa da wanda zai yi azumi, in rubuta a kwali in manna a bayan ƙofar sito.

Sauran ƙanana ne, amma suna ɓata rai. Sabudana, ƙananan fararen ƙwallayen nan da ake yi da rogo, jiƙa shi ake yi da ruwa daidai kansa ya kwana, sannan a soya da dankali da dakakkiyar gyada. Wanda ya tafasa shi danƙo zai kwashe. Samak, ƙwayar da suke dafawa maimakon shinkafa a ranar azumi, yana kama da acca, amma kada ka musanya su ba tare da tambaya ba. Navratri, bikin allahiyarsu Durga da ake azumi a cikinsa, kwana tara ne, kuma sau biyu ake yin babbansa, wajen Maris ko Afrilu da kuma Satumba ko Oktoba, ka sayi garin kuttu da rajgira, waɗanda ake amfani da su maimakon fulawa a azumi, tun da wuri kafin su ƙare a kanti. Ranar Talata gidaje da yawa ba sa cin nama ko ƙwai saboda Hanuman, wani abin bautarsu, ko da ba wanda ya ce maka ana azumi. Abincin da za a kai ɗakin bauta ba a ɗanɗana shi, ludayi bai isa ya je bakinka ba, ka auna gishiri da ido.

Akwai kuma ranakun da ko ruwa ba a sha, irin Nirjala Ekadashi a tsakiyar zafin Mayu ko Yuni, da Karva Chauth da matan aure 'yan arewacin Indiya ke yi wa mazajensu. Ranar Karva Chauth kada ka jera abinci da magariba. Sai wata ya fito, wajen ƙarfe 8 zuwa 9 na dare, uwargida ta kalle shi ta cikin rariya, mijin ya ba ta ruwa, sannan a ci. Janmashtami ma, wato bikin haihuwar abin bautarsu Krishna, sai sha biyun dare ake buɗe baki, ka shirya kwana a gidan.

Wanda kuma ya tsaya a kicin yana dariya yana cewa "wannan ai ba azumi ba ne, ana ci ana sha", ya sani yawancin matan gidajen nan da suka daɗe a Kano suna jin Hausa sarai, ba sa dai nunawa ne.