Yadda Ake Haɗa Amfilifayar Hedifon Daga Buɗaɗɗen Zane

Masu sha'awar lantarki za su iya haɗa kai su ƙera na'urar sauti su saki zanenta kyauta, kuma an daɗe ana yi. Kamfanin Mutable Instruments na Faransa ya saki zanen na'urorinsa na kiɗa ga kowa. Ga mai farawa kuwa, babu kamar CMoy, ƙaramar amfilifayar hedifon da Chu Moy ya tsara, wadda aka saba sakawa cikin gwangwanin alewa.

Za ka nemi aisi (IC, ƙaramin guntun lantarki mai ƙara ƙarfin sauti) OPA2134 mai ƙafa 8 da soket ɗinta, batir 9V, foliyum 10k mai hanya biyu, da jak biyu na 3.5mm. Resista: 4.7k biyu, 100k biyu, 1k biyu, 10k biyu. Kafasita: 220µF biyu, 0.1µF na fim biyu, 0.1µF na yumbu biyu.

Fara da wuta. Aisin na son wuta mai ɓangare biyu, batir kuma ɗaya ne, don haka jera resistocin 4.7k tsakanin kan batirin biyu, kowace da 220µF a gefenta. Mahaɗarsu ita ce ƙasan da'irar (ground), wato inda ake ɗauka a matsayin 0V. Kafin ka dasa aisi, auna da mita, ka ga kusan +4.5V da -4.5V. Ƙafa ta 8 ke karɓar tabbatacciyar wuta, ta 4 kishiyarta. Kafasitocin yumbun su zauna dab da waɗannan ƙafafu zuwa ƙasa. Idan suka yi nisa aisin na iya kaɗawa da saurin da kunne ba ya ji, ya yi zafi, ya cinye batir.

Sauti daga foliyum ya bi ta 0.1µF na fim zuwa ƙafa ta 3, da 100k daga nan zuwa ƙasa. Wannan haɗin na yanke abin da ke ƙasa da kusan 16Hz. Sa 10k tsakanin ƙafa ta 1 da ta 2, sai 1k daga ta 2 zuwa ƙasa, ƙarin ƙarfin sauti ya zama ninki 11. Ɗaya kunnen haka yake, da ƙafa ta 5 a madadin ta 3, ta 6 a madadin ta 2, ta 7 a madadin ta 1. A ganinmu 11 ya yi wa hedifon na zamani yawa, kuma yana fito da shuuu ɗin aisi; musanya 10k da 3.9k ka samu kusan 5.

Kada ka jona hedifon sai ka auna DC (wuta tsayayya irin ta batir) a mafita, wato ƙafa ta 1 da ta 7. Ya wuce 20mV, akwai matsala. Wani dalili shi ne an sa NE5532 a madadin OPA2134 don arha. Aisi ce mai kyau, amma mashigarta na jan ɗan ƙaramin lantarki wanda kan resistar 100k ke zama miliVolt da dama, sannan a ninka shi. Hedifon mai 16 ko 32 om kuma yana janye ƙasan nan gefe guda har sauti ya dusashe. Maganinsa TLE2426, aisi mai raba wuta biyu, a madadin resistocin 4.7k. Gunji mai kauri kuwa daga dogayen wayoyin shiga ne, ko akwatin ƙarfe da ba a haɗa da ƙasa ba.

Hoton zane kaɗai bai sa aiki ya zama buɗaɗɗe ba. Idan za ku saki naku aikin, ku zana a KiCad, manhajar zana da'ira, ku saki ainihin fayilolin, da fayilolin Gerber na buga allon da'ira, da jerin kaya mai cikakkiyar lambar kowane ɓangare da madadin da kuka gwada, da lasisin buɗaɗɗen zane kamar CERN-OHL. Ku haɗa da sakamakon awo, domin shi zai nuna wa na nesa ko aisin da ya saya jabu ce.

Inda aikin gayya ke cijewa shi ne USB mai hanyoyi da yawa da Bluetooth, saboda direbobi, kuɗin rajista, da aisin da ba a sakin bayanansu sai an sa hannu kan yarjejeniyar sirri. Mai son sauti na dijital ya fara da allon Teensy ko Daisy Seed, waɗanda manhajarsu ta sauti a buɗe take.