Yadda Ake Haɗa Kuɗin Aikin Haƙori Mai Tsada a Jos

Yawancinmu ba ma tunanin kuɗin haƙori sai ranar da kunci ya kumbura, an tauna kanumfari an gaji, dare ya raba ba a rintsa ba. Washegari sai mutum ya kama bin 'yan'uwa gida-gida yana neman taimako, alhali bai san ko nawa aikin zai ci ba. Na sha ganin haka, ni ma na taɓa yi.

Abu na farko, kada ka tambayi kowa ko sisi sai takarda na hannunka. Ka je sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, ko Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, a duba ka, a ɗauki hoton haƙorin. Ka roƙi likita ya rubuta maka aikin gaba ɗaya daki-daki, kowane mataki da kuɗinsa, har da magani da ranakun dawowa. Sannan ka kai takardar wani asibitin kuɗi ka ji nasu farashin. Na gwamnati ya fi sauƙi, amma layi sai ka yi sammako tun bayan asuba.

Na biyu, inshora. Tun 2022 aka mayar da tsohuwar NHIS, hukumar inshorar lafiya ta tarayya, ta koma NHIA, Jihar Filato kuma tana da nata tsarin, PLASCHEMA. A tsarin tarayya, cire haƙori da ciko na cikin abin da ake biya maka, amma dashen haƙori da hular da ake ɗora masa da farar da haƙora ba sa ciki, daga aljihunka za su fito. Ka fara zuwa asibitin da ka yi rajista su ba ka takardar turawa da lambar amincewa kafin a taɓa bakinka. Wanda ya riga ya biya sannan ya dawo neman a mayar masa, ya shirya jele.

Yanzu ga inda na faɗi. Wani haƙorina na tauna na ƙasa ne ya lalace, aka ce sai an cire jijiyarsa an wanke ramin an cike. Na haɗa kuɗin da ƙyar, aka yi a zama uku, ciwo ya tafi. Likitar ta ce, "Malam, ka dawo mu ɗora masa hula, haƙorin da ba jijiya ba shi da ƙwari." Na ce in sha Allahu. Sauran kuɗin kuwa sai makarantar yara ta cinye wasu, bikin ƙanwar maiɗakina ya lashe ragowar. Wata biyar bayan nan ina cin tsire a Bauchi Road na ji ƙas! Haƙorin ya tsage har cikin dasashi. Cire shi aka yi, duk abin da na kashe ya bi ruwa. Saboda haka dokata ita ce: idan kuɗin matakin ƙarshe bai taru ba, ko ba ka san ranar da zai shigo ba, ka gaya wa likita gaskiya tun farko. In akwai kumburi da mugunya a ciki, wannan ba a jira, a yi maganinsa yau, domin yana iya bazuwa zuwa muƙamuƙi da wuya. Amma aikin da ke ɗaukar watanni, kamar dashe, wanda ake jira wata 3 zuwa 6 ƙashi ya kama ƙarfen da aka dasa a muƙamuƙi kafin a ɗora haƙorin, wannan jiran ai dama ce ta tara kuɗi. Ka nemi a bar ka ka biya kashi-kashi, asibitocin kuɗi da yawa suna yarda idan ka yi magana kafin a fara.

Sai inda kuɗin zai fito. Ni adashe na fi so. Ka je wurin uwar adashe da takardar likita a hannu, ka roƙa a musanya maka kwasa da wanda ba ya gaggawa. Kuma ranar da ka kwasa, ranar ka kai asibiti a rubuta maka rasit, kada kuɗin ya kwana a gida. Ma'aikaci ya nemi rance a ƙungiyar taimakon juna ta wurin aikinsa, a riƙa cira a albashi. Mai gudun riba yana iya tuntuɓar bankin Jaiz ko na TAJ ya ji tsarinsu. Manhajojin bashi na waya kuwa, kada ka kusance su, ruwansu ya fi ciwon haƙorin zafi, ga tona asiri.

Wurin dangi, ka faɗi adadi. "Kawu, saura 40,000, ga takardar" ya fi "a taimaka mini" aiki nesa ba kusa ba. Wanda ba shi da ko kaɗan ya nemi ofishin jin ƙai na asibitin koyarwa, ya kuma yi wa limamin unguwa magana kan zakka.

Ka adana kowane rasit, ka ware kuɗin Keke da na magani daban, kada ka tsallake ranar cire zaren ɗinki.