Ga masu ciwon baya da ke sauka har ƙafa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Idan ciwon ƙugu ya fara harbawa ta ɗuwawu ya gangara har sangali, sau da yawa faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya ne ya ɓullo ya danne jijiya, galibi a gaɓoɓin can ƙasan baya da likitoci ke kira L4-L5 ko L5-S1. Ku kwantar da hankali, mafi yawan masu shi suna samun sauƙi cikin mako 6 zuwa 12 ba tare da tiyata ba.

Kada a daɗe a kwance. Kwana ɗaya ko biyu ya isa, sai a fara tattaki kaɗan-kaɗan. In za a yi barci, a kwanta ta gefe da matashi tsakanin gwiwoyi. A rage hawan babur da jan ruwa a rijiya, sallah ma a yi ta a zaune in ruku'u ya gagara.

Abin da ya fi damuna shi ne haɗin kemis da ake sha kullum. Diclofenac da ibuprofen suna rage zafi, amma yawan shansu yana jawo gyambon ciki, yana taɓa ƙoda. Kuma don Allah kada a bari wani ya taka bayan da sunan gyara. A nemi likitan gashin ƙashi ya koyar da motsa jikin da ya dace. Hoton X-ray ba ya nuna faifan, sai wani hoto na musamman da ake kira MRI.

Amma fa in fitsari ya ƙi fita ko yana zuba da kansa, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, ko ƙafa ta yi rauni har ana jan ta, a tafi asibiti a ranar. Wannan kam tiyatar gaggawa yake iya buƙata.