Sabon zuwa Guangzhou, kada ka raina taicin tsofaffin nan

Ɗan'uwa, kafin ka gama sanin kan kasuwannin Xiaobei da Sanyuanli na wannan birni na ƙasar Sin, jikinka ne zai fara kai ƙara. Wuni a tsaye ana ciniki, hawa da sauka a tashar jirgin ƙasa, dare kuma waya da mutanen gida, tunda agogon nan ya riga na Kano da awa 7. Daga nan sai ciwon baya, gwiwa ta riƙe, barci ya ƙaurace.

Bayan ka yi sallar asuba, gari ya waye, taka zuwa lambun Yuexiu. Kusa yake da Xiaobei, kuma shiga kyauta ne. Za ka tarar da dattijai a jere, gwiwa a ɗan lanƙwashe, suna tura hannu sannu-sannu kamar masu tafiya cikin ruwa. Wannan shi ne taici. Asalinsa dabarar kare kai ce daga ƙauyen Chenjiagou a lardin Henan, amma wanda ya fi yaɗuwa shi ne mai motsi 24 da hukumar wasannin Sin ta tsara a 1956, ana gama shi cikin kamar minti 6.

Sanyin tafiyar shi ne aikin. Nauyinka yana komawa daga ƙafa ɗaya zuwa ɗaya a hankali, cinya ta yi ƙarfi, tsayuwa ta daidaita, shi ya sa likitoci ke ba tsofaffi shawararsa don rage faɗuwa. Ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Amurka ma ta sa shi cikin abin da take shawartar masu amosanin gwiwa da ƙugu a 2019. Jan numfashi mai tsawo yana kwantar da hankali, yana kuma taimakawa kan hawan jini, amma don Allah kada ka ajiye maganinka saboda shi.

Na san abin da zai fara zuwa maka a rai: ko bauta ce? A lambun nan motsa jiki ake yi, ba a rusuna wa wani abu. Hajiya ma za ta iya da hijabinta, tufafi masu yalwa ake so dama.

Ka tsaya a sahun baya, ka sa takalmi marar tsini, ka gai da malamin, ka riƙa kwaikwayon na gabanka. Kada gwiwarka ta wuce kan yatsun ƙafa, idan ta yi zafi ka ɗan miƙe. Ba sai ka iya Sinanci ba, da hannu za su gyara maka kafaɗa.